Matakalar da Makuba Ta Ɓata

Shekarun baya, can bayan an yanke mana jihar Jigawa aka ce kowa ya tattara ya koma gida, ni ma na baro Kano na dawo Gumel da aikin ofis. Ina da ɗan fili a bayan gari, na lallaɓa na tayar da ɗakuna. Da yake ni mutum ne mai dogon buri, na ƙi yin rufin kwano. Na ce kankare za a zuba a sama, don wata rana in ɗora bene. Aka zuba kankare, aljihu ya ce shi kam ya gama nasa. Benen nan har yau da nake muku wannan rubutu yana cikin kaina, ban ɗora ko bulo ɗaya ba.

Ana cikin haka mahaifina ya rasu a ƙauyenmu, wajen Ɗanzomo. Da mahaifiyata ta fita takaba na je na ɗauko ta. Ba da son ranta ta biyo ni ba. Amma ƙannena mata duk sun yi aure sun watse, gida ya rage ita kaɗai, kuma a gabana ta miƙa hannu za ta ɗauki ludayi ta kama bakin tukunya mai zafi. Na ce, “Inna, idon ne?” Ta juya ta ce wa bango hayaƙi ne ya shige mata. Tun ranar na ƙudurta a raina ba zan bar ta ta zauna ita kaɗai da murhu da rijiya ba.

Na ce ta ce wa bango, ba wasa nake ba. Ni ɗan fari ne, ita kuwa ta mutanen da ce, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta kallona ido da ido, ba ta yi mini magana kai tsaye. Da muka zo Gumel sai matata ta zama wayarmu. Ina tsaye a tsakar gida, Inna na zaune a kan tabarma, tsakaninmu bai fi taku uku ba, sai ka ji ta ce wa matata, “Ki gaya wa mai gidan nan goron da ya sayo ruɓaɓɓe ne.” Matata ta juyo, fuskarta a murtuke kamar da gaske, ta ce, “Malam, an ce goronka ruɓaɓɓe ne.” Ni kuma in ce, “A ce mata na ji.”

Wata biyu ba a rufa ba Inna ta fara ƙorafi. Ba abinci ba, ba ɗaki ba. Wurin shanya. Tsakar gidana ɗan tsukuku ne, katangar maƙwabci ta tare rana tun kafin azahar, ga kajin matata da ba su san girman kowa ba. Inna ta yanka kuɓewa ta shanya, kaji suka yi biki. Ta shanya yakuwa, inuwa ta sa ta yi baƙi. Matar da duk kaka rufin rumbunta da danga da tsakar gidanta a cike suke da kuɓewa da kuka da tattasai, yau ga ta zaune hannu rabbana.

Wata safiya ta ce wa matata, “Ki gaya wa mai gidan nan na aika wa ƙanena. In ya gama ɗaure gero ya zo ya mai da ni. Gidan da ba a shanya, zaman me zan yi a cikinsa? Ni ba baƙuwa ba, ni ba marar lafiya ba.”

Kawun nawa na san shi sarai, in Yayarsa ta ce ya zo, ko ruwan wuta ake zai zo. Gero kuwa ya riga ya nuna.

Matata ce ta ɗaga kai ta nuna mini sama da haɓa. “Malam, ga fili can ka zuba, ko ƙadangare bai more shi ba. Rana daga safe har yamma, ba kaza, ba akuya. Ka yi mata hanyar hawa mana.”

Wallahi sai na ji kamar ni na yi tunanin. Washegari na sami wani mai walda a bakin tasha, ya zo ya gwada. Ya haɗa ƙarafa masu kusurwa, ya yi ƙashin matakala a jikin bango, da ƙarfen dafawa a gefe, kowane taki ya yi masa ɗan gida da katako zai zauna a ciki. Kafinta ya yanko farin katako ya jera, aka ɗaure da noti. Mai walda ya ce a sayo jan fenti a shafa wa ƙarfen kafin ya yi tsatsa. Na ce to, a bari sai ƙarshen wata. Ƙarshen wata ya zo ya wuce, raɓa da ɗan yayyafin ƙarshen damina suka taɓa ƙarfen, ya yi jawur da tsatsa. Ni hankalina ba a can yake ba, yana kan katako.

Don kuwa kafinta ya ja mini kunne. Ya ce farin katako in aka bar shi tsirara, gara za ta yi masa sallama, rana kuma ta tsattsaga shi. Dole a shafa masa wani abu. To ni a Kano na taɓa shiga gidan wani babban mutum, na ga matakalarsa tana ƙyalli har kana ganin fuskarka, tun lokacin abin ya tsaya mini a rai. Na ce wa kafinta irin wannan nake so. Ya ce folish ke nan. Na je kanti na tambayi kuɗin gwangwani, mai kanti ya faɗa, na ce masa a'a, gwangwani ɗaya nake nufi, ba katan ba. Ya ce ai na ɗayan ya faɗa. Na yi masa sai anjima.

Wani abokina ya ce in je kasuwar Maigatari, ana shigo da wani daga Damagaram mai sauƙi. Na bi motar kasuwa na je, na ratsa ta cikin raƙuma da shanu, na samo ɗan ƙaramin gwangwani da rubutun Faransanci a jikinsa. Ban san me aka rubuta ba, amma mai sayarwa ya rantse na katako ne. Na dawo ina ji da kaina, na shafa wa takin farko don gwaji. Jama'a, ya yi kyau! Na kira matata ta zo ta gani. Ta fito daga alwala ƙafarta da danshi, ta ɗora ƙafa ɗaya, sai ji na yi “Wayyo!” Ba don ta cafke ƙarfen dafawa ba da ta zauna daɓas a ƙasa.

Ta dube ni ta ce, “Malam, tsohuwar za ka tsayar ko karya ta za ka yi?”

Inna na zaune a kan tabarma. Sai na ga ta jawo ƙullin kayanta kusa da ita.

Na sa aka kankare folish, na shiga neman shawara. A nan na gane cewa kowane mutumin Gumel gwani ne a kan katako. Maƙwabcina, wani mutumin Filato da ke aiki a sashen ayyuka, mutumin kirki, ya leƙo ta katanga ya ce, “Malam, kada ka wahalar da kanka. Je wajen bakanike ka karɓo baƙin mai, kyauta ma za su ba ka. Da shi muka shafe bencinan cocinmu ta ƙasa, gara ko kallonsu ba ta yi.” Na karɓo a galan, na gwada a guntun katako. Gara kam ba za ta zo ba, amma mutum ma ba zai zo ba. Wari ya cika gida, kwana da kwanaki yana naso. Matata ta ce, “Ƙafar da za ta taka wannan ita ce za ta hau darduma? Su a ƙarƙashin benci suka shafa, Malam, ba inda ake takawa ba.” Na mayar wa maƙwabci labari, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai ya ce ta ƙasa.

Wani a masallaci ya ce man gyaɗa. Na saci na matata cikin kwalba na shafa a wani guntun na ajiye a rana. Kafin la'asar kiyashin unguwar gaba ɗaya sun hallara, da daɗewa ban ga taro irin wannan ba. Fenti kuwa kafinta da kansa ya hana ni. Ya ce mai arhar, ƙafa za ta ɓare shi kafin salla, mai kyaun kuma ɗan'uwan folish ne a tsada da santsi.

Duk wannan bidiri da ake, matakala na tsaye fara fat, ana iya hawanta. Ni na hau, matata ta hau, har ta kai tabarma sama. Inna ce kawai ta ƙi. Matata ta lallashe ta, ta ce, “Inna, ki zo ki ga rana, har da iska.” Inna ta zo gindin matakala ta tsaya, ta ɗaga kai ta daɗe tana dubawa, ta ɗora hannu a ƙarfe, sai ta janye. Ta ce, “Ki gaya wa mai gidan nan tsohuwa ba ta hawa bene.” Ta koma tabarmarta. Na ji haushi ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Na ce a raina taurin kai ne irin na tsofaffi, na kashe kuɗi na sha rana, ko gwadawa ba za a yi ba.

Saƙo ya zo daga ƙauye cewa Kawu ya fara ɗaurin gero.

Ran nan ina zaune na zuba wa guntayen katakona ido, mai wari da mai kiyashi da mai santsi, sai na ji Inna ta ce wa matata, “Wai shi duk wannan wahalar ta gara ce? Mu da muke daɓe ɗaki, me muke zubawa? A samo makuba mana.” Ga waɗanda suka tashi a kan siminti, makuba ɓawon ɗorawa ne da ake dakawa a jiƙa, ruwan ya yi ja, mata su yayyafa wa daɓe ya yi ƙarfi ya yi kyau. Na ce, “A tambaye ta, ana sa wa katako?” Aka tambaye ta. Ta ce ita ba ta taɓa gani ba, amma abin da ya riƙe ƙasa me zai hana ya riƙe ice? Ta ƙara da cewa ko ba komai ta yi mana wannan kafin ta tafi.

Kafin ta tafi. Kalmar ta soke ni, amma na tafi kasuwa. Abin da na ba mai makuba bai kai kuɗin motar da na kashe zuwa Maigatari ba, ta cika mini buhu har tana yi mini addu'a.

Ranar na ga Innar da na sani. Ta ɗaura ɗamara, ta sa aka jawo turmi, ta karɓe taɓarya daga hannun matata ta ce ba haka ake yi ba. Ta jiƙa a tsohuwar randa, kullum da safe ta tsoma yatsa ta shinshina ta ce bai yi ba tukuna. Ran da ya yi, ta zauna a gindin matakala tana ba da umarni, matata na sama da tsumma da ƙwarya. Ni na so a kwance katakon a shafa a ƙasa, Inna ta ce a gaya wa mai gidan nan daɓe ba a ɗaga shi, a inda yake ake shayar da shi. Aka shayar da shi kuwa, ruwan makuba ya kwanta a kan kowane taki, ya gangara ya cika ɗan gidan ƙarfen nan mai tsatsa. Katako ya yi ja-ja kamar goro, ba santsi, ba wari. Na kwanta da murna.

Da safe na fito, na tsaya turus. Duk inda ruwan ya haɗu da tsatsa ya koma baƙi ƙirin kamar tawadar allo. Bakin kowane taki ya yi baƙin layi mai faɗin yatsa biyu, daga wannan gefe zuwa wancan, kewayen kowane noti kuma ya yi baƙin tabo. Layin ma ba miƙaƙƙe ba, wani wuri ya yi ciki, wani wuri ya tsuke. Na sa ruwa da sabulu na dirza, ko gezau. Ya shige cikin katakon.

Matata ta rufe baki. Maƙwabcina ya leƙo ya ce, “Kai! Malam, jakin dawa ka saya?” Inna da aka gaya mata, ta ce ita dai a ƙasa ta san makuba, ba ta san ba ta shiri da ƙarfe ba. Na ga kunya ta kama ta, wannan ya fi baƙin layin ɓata mini rai. Na ce a gaya mata ba komai, laifin tsatsa ne, yanzu zan gyara. Na tafi wajen kafinta na sayo samfefa, takardar nan mai kaushi da ake goge katako.

Na dawo na durƙusa a takin farko na fara gurzawa. Ban yi nisa ba na ji tafiyar Inna a bayana, sannu-sannu. Ta tsaya. Na ɗauka matata take nema, amma matata na can bayan gida tana wanki. Sai na ji an ce:

“Kai. Ajiye takardar nan.”

Na waiga don in ga da wa ake. Ba kowa a tsakar gidan sai ni da ita. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ce mini “kai” ba. Samfefa ta faɗi daga hannuna da kanta.

Ba ni take kallo ba, matakala take kallo. Ta miƙa yatsa tana nuna layukan ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa zuwa sama. Ta ce, “Ga bakin wannan. Ga na wannan. Ga na wancan.” Sannan ta ce, “Da fari ɗaya nake gani, kamar an jingina ƙyaure a bango. Ban san inda zan sa ƙafa ba.”

Na ce, “Inna, me ya sa ba ki faɗa ba?”

Ta ce, “In ce me? In ce na makance, ka kwashe ni sai Kano a yanka mini ido?”

Na matsa gefe. Ta tuɓe takalmi, ta kama ƙarfen dafawa, ta yi bisimilla. Ta ɗaga ƙafa, babban yatsanta ya sauka daidai kan baƙin layi, ta taka. Ta sake ɗagawa. Ina bayanta hannuwana a buɗe. Matata ta fito da kumfa a hannu, ta ga abin da ke faruwa, ta tsaya kamar an dasa ta. Da Inna ta kai sama ta tsaya ta juya fuskarta wajen rana, iska na kaɗa mayafinta. Ta daɗe a haka. Sannan ta leƙo ƙasa ta ce wa matata, “Ke, miƙo mini kuɓewar nan da wuƙa. Ki gaya wa mai gidan nan ya sauka, ya tare mini hanya.”

An koma gidan jiya ke nan, “kai” ɗin nan ban sake jin sa ba. Na sauko ina dariya, idona kuma ya cika da ƙwalla, na rasa wanne zan ɓoye wa matata.

Kawu ya zo ranar kasuwa, ya yi shatar wata tsohuwar a-kori-kura har ƙofar gida. Muka gaisa, aka kawo masa ruwa, ya ce, “Ina Yaya? Ta shirya?” Na nuna masa sama. Ya fita tsakar gida ya ɗaga kai, hularsa ta kusa faɗuwa. Ga Yayarsa can a kan rufi, tsakanin tabarmi, ja da kore ko'ina.

Ya ce, “Yaya! Me ya kai ki can? Ki sauko, direba na jira!”

Ta leƙo ta ce, “Kuɓewata ba ta bushe ba. Ka dawo wani satin.”

Ya dawo wani satin, aka ce tattasai ne bai bushe ba. Daga nan kuka, daga nan yakuwa, daga nan tsamiya. Kawu ya gaji ya daina ɓata kuɗin mota, sai dai ya zo gaisuwa ya koma da ƙullin busasshiyar kuɓewa. Shekarun da suka rage wa Inna a gidana ta yi su. Daga baya ma ta yarda aka yi mata aikin ido ɗaya, ta dawo tana ganin zare a allura, amma ta ce a gaya wa mai gidan nan kada a kuskura a taɓa mata layukanta. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai ta jiƙa makuba an sake shayar da katakon. Ƙarfen kuwa na shafa masa jan fentinsa ta ƙasa da gefe, bakin takin na bar shi yadda yake.

Ina yawan tuna yadda na yi ta zagaye gari ina tambayar mutane abin da zai yi kyau, abin da zai yi arha, abin da gara ba za ta ci ba. Ban taɓa tsayawa a gindin matakalar nan na tambayi abin da mai hawan take gani ba. Ba wayona ne ya gyara ba, ba na kafinta ba, ba ma nata ba. Allah ne ya haɗa tsatsar da na ƙi yi wa fenti da makubar da ta jiƙa don sallama. In na tuna, daɗi nake ji, ba baƙin ciki ba.

Inna ta daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙanta. An canja katako biyu ko uku da suka gaji, sauran na nan. Bara 'yata ta zo da mijinta, suka ce za su sa a cire katakon a liƙa tayil, wai wannan baƙin layin ya sa gidan kamar na ƙauye. Na ce su bari tukuna. Ban gaya musu dalili ba. Amma matata ta sani, don ta ga yadda na fara riƙe jarida nesa da fuskata, ta kuma ga yadda nake sauko da babban yatsana a kan layin in zan hau shan iska. Ta kalli 'yar tamu ta ce, “Ki gaya wa mijinki kuɓewar gidan nan ba ta bushe ba.”